Ranar da Zafran Ya Yi Shiru

"Haris! Me ka ci a makaranta yau?"

Mako guda na yi ina haddar tambayar nan da Turanci. Na maimaita ta a bakin injin yankan marmara, na maimaita ta a kan babur, na maimaita wa ɓaunar mahaifiyarmu Beji har ta gaji ta kawar da kai. Da na faɗe ta a gaban waya kuwa, ta fita tsaf, ko tuntuɓe ban yi ba.

Ɗana ya dube ni daga cikin gilashin wayar, ya ɗaga gira, ya saki wata doguwar magana mai santsi kamar an buɗe famfo. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na yi ta murmushi ina gyaɗa kai.

"Lala," in ji ƙanena Zafran daga bayana, da sunan da ake kiran yaya a wurinmu, murya ƙasa-ƙasa, "cewa ya yi yau Lahadi ce, ba makaranta."

"Na ji ai. Gwada shi nake."

"Cacu! Cacu!" Haris ya hango shi, ya hau tsalle a kan kujera can Bradford. Shekararsa shida, kuma a duk harshenmu na Pahari kalmar da yake faɗa da zumuɗi ke nan, sunan da ake kiran ƙanin uba.

Zafran bai miƙo hannu ba sai da ni na miƙa masa wayar. Daga nan aka manta da ni. Suka shiga zuba, shi ya faɗa, yaron ya cafe, yaron ya faɗa, shi ya ƙyalƙyale. Can sai ga fuskar matata Nagina ta leƙo ta bayan Haris, da ludayi a hannu. Zafran ya jefa mata wata magana. Ta dafe ƙirji ta yi wata irin dariya, har da share ƙwalla da gefen mayafi. Shekara bakwai da aurenmu, ban tuna ranar da ni na fitar da wannan dariyar daga bakinta ba.

"Me ka ce mata?"

"Ba komai, Lala, wasa ne."

"Fassara min in yi dariyar ni ma."

Ya sosa ƙeya. "Wallahi in an fassara ba ya ba da dariya."

Beji tana zaune a gadon igiya tana ɓare tafarnuwa. Ta ce, "Ka ji yaro, harshe kamar an shafa masa man shanu."

Ni na shafa masa man. Ina aji shida mahaifinmu ya rasu. Na ajiye allo na bi magina, na koyi shimfiɗa marmara a manyan gidajen 'yan Walayat, wato mutanenmu mazauna Ingila, masu hawa uku-uku, da ba mai kwana ciki sai tattabaru da mai gadi. Da gumin bayana na cire Zafran daga makarantar gwamnati, inda malamin Turanci kansa ba ya jin Turanci, na kai shi ta masu ɗaura laktaye a Dadyal. Duk kalmar da ke fita daga bakinsa ni na saye ta. Yau ga shi yana kashe ta a kan matata da ɗana, ni ina tsaye kamar wanda ya zo karɓar saƙo.

Kafin a kashe wayar, surukinmu ya karɓa. Mamu Banaras, yayan Beji, shekara arba'in yana tuƙa tasi a Walayat. Ni ya ba Nagina, bara kuma ya ba Zafran ƙanwarta Sobiya.

"Zafran, saurara da kyau," in ji shi. "Cikin Sobiya ya shiga wata uku, kuma likita ya ce ƙarshen watan nan ta ajiye aiki. Takardun albashinta na wata shida sun cika cif yanzu. In ba mu shigar da neman bizarka kafin ƙarshen wata ba, sun lalace. Sai ta haihu, ta yaye, ta koma aiki, ta sake tarawa daga farko. Ka ji? Takardar cin jarrabawar Turanci kawai ta rage. Ka je ka ɗauko ta."

"In sha Allahu, Mamu."

"Na gyara muku ɗakin sama, kusa da na Haris. Yaron nan yana bukatar namiji a gida. Kai za ka riƙa kai shi makaranta da masallaci."

Sai ya tuna da ni. "Matlub, kana nan? Kai kuma sau nawa ke nan? Biyar? Wallahi ɓaunar 'yar'uwata da ta yi shekara huɗu tana zuwa ajin nan, da yanzu tana gaisuwa da Turanci."

Kowa ya yi dariya, har Beji. Zafran kaɗai ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyarwar ta fi dariyar ƙona ni.

Da yamma ina ba ɓauna ciyawa, abu ɗaya nake gani: Zafran riƙe da hannun ɗana a titin Bradford, Nagina tana zuba masa shayi da safe, su uku suna magana da harshen da aka kulle min ƙofarsa. Shekara shida ina jira a bakin ƙofar nan. Shi daga zuwa zai wuce ni ya shige.

* * *

Ajin Masta Kifayat yana saman wani shagon takalma a kasuwar Dadyal. Mu ashirin da wani abu ne, duk masu aure, duk mata ko mazanmu suna can. Akwai amare da lalle bai gama goguwa a hannunsu ba, akwai wani dattijo mai furfura da ya shekara uku yana cewa shi mace ce mai 'ya'ya biyu, saboda daga littafin wata ɗaliba ya yi hadda. Masta zai buga sanda a tebur ya faɗi jimla, mu amsa baki ɗaya kamar masu jan tasbihi.

Jarrabawar ta baki ce, ko minti ashirin ba ta kai ba, kuma babu rubutu. Mutum biyu ake shigarwa tare, a zaunar da su gefe da gefe gaban mai jarrabawa, a sa su yi wa juna tambaya. Sau biyar ina shiga, sau biyar ana haɗa ni da baƙo mai saurin baki. Zai jefo tambayar da ba ta cikin littafi, in tsaya ina kallonsa, zufa tana bin bayana.

Masta ne ke kama wa ɗalibai gurbi a cibiyar Islamabad. Kowa ya san in ya biya wa mutum biyu a jere, lambarsu na bin juna, kuma galibi tare ake shigar da su.

Na jira aji ya watse.

"Masta, Zafran zai zo ka kama masa gurbi. Ka haɗa mu."

Ya zare gilashinsa. "Ku biyu? Ɗaki ɗaya?"

"Ni Matlub Husain, shi Zafran Ali. Wa zai san uwa ɗaya ta haife mu?"

"Ba wannan nake ji ba. Na taɓa haɗa uba da ɗa daga wani ƙauye can bakin tafki. Yaron ya fi ni Turanci. Da suka shiga, ya zauna kamar an ɗinke masa baki, wai ba zai yi surutu a gaban babansa ba. Tun daga nan na rantse ba na haɗa babba da ƙarami na gida ɗaya. Turawan nan so suke ka yi gardama, ka katse mutum, ka ce ni ban yarda ba. Yaranmu kuwa da mari aka cire musu wannan."

Na san labarin. A ajin nan na ji shi, kuma shi ya kawo ni.

A gidanmu Zafran bai taɓa zama a gadon da nake zaune ba, sai dai ya ja kujera 'yar tsugunne. Bai taɓa kiran sunana ba. In baƙo ya yi mana tambaya mu biyu, sai ya dube ni, in amsa. Yana da shagonsa na gyaran waya, yana da gemu, yana da mata, amma in na shigo yana shan taba sai ya murƙushe ta a tafin hannu.

"Beji ce ta ce a haɗa mu," na ce. "Wai hankalinta zai fi kwanciya."

"To a gaya wa Beji..."

"Masta, marmarar banɗakinka da na shimfiɗa maka kyauta, akwai inda ta tsage?"

Ya mayar da gilashinsa, ya jawo littafin rajista.

"Goma sha takwas ga wata, ƙarfe sha ɗaya. Daga shi ba sauran gurbi sai bayan mako biyar, na gaya maka. Allah ya sa ka san abin da kake yi."

Na sani sarai.

* * *

Da safe Beji ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga Alƙur'ani, muka wuce ta ƙarƙashinsa, ni a gaba. Zafran ya sa farar riga da Sobiya ta aiko masa. A cikin hayis sai fara'a yake, yana yi min bitar littafin Masta a kunne, tambaya bayan tambaya.

"'Ya'yanka nawa? Ka ce ɗaya, namiji. Kada ka yi sauri, Lala, ba kora ake ba. Ka fi yadda kake zato iyawa, tsoro ne kawai."

Shi ne yau yake gaya min kada in ji tsoro. Yaron da na yi wa tsarki.

A Kallar Sayidan direba ya tsaya shan shayi. Muka zauna a benci ƙarƙashin rumfa, aka kawo mana paratha, soyayyar gurasa mai zafi. Zafran ya yaga, ya turo min ɓangaren da ya fi soyuwa. Na bari sai da ya kai loma baki.

"Ba na son yadda kake sakin baki da matata."

Loma ta tsaya masa. "Lala?"

"Dariyar nan da kuke yi da harshen da kuka san ba na ji. A gabana. A gaban Beji."

"Lala, Parjai ce fa! Matar yayana. Wallahi kamar uwa na ɗauke ta. Labarin ɓauna na ba ta, ranar da ta..."

"Ban tambaye ka ba."

Ya ajiye parathar. Kunnuwansa suka yi ja. Wani yaron mota ya wuce yana kiran fasinjan Rawat, na jira har ya yi nisa.

"Yau za mu zauna gaban baƙi," na ce. "Can ma ni ne yayanka, ba a ƙofa zan ajiye girmana ba. Ka tuna wanda ya saya maka Turancin nan. Kada ka mai da ni sakarai a gaban mutane, kamar yadda ka saba a waya."

"Amma Lala, Masta ya ce in mutum bai yi magana ba..."

Na ɗaga ido na dube shi. Bai ƙarasa ba.

Ban ce masa ya yi shiru ba. Allah shaida ne kalmar ba ta fito daga bakina ba. Na sha gaya wa kaina haka, kuma gaskiya ce, irin gaskiyar da ba ta sa mutum barci.

Daga Kallar har Islamabad bai sake buɗe littafin ba. Yana kallon taga, hannunsa a kan aljihun da hoton Sobiya yake.

* * *

Ɗakin ƙarami ne, sanyin na'ura kamar cikin firji. Mai jarrabawar mace ce, ta manyanta, da gilashi a kan hanci da 'yar na'urar ɗaukar magana a gabanta. Kujeru biyu, kafaɗa da kafaɗa. Na zauna. Zafran ya tsaya sai da ta nuna masa kujera sau biyu, sannan ya ɗosana a bakin-bakinta.

Ta tambayi sunana. Na faɗa, na jera mata haruffansa kamar yadda aka koya mana. Ta tambayi nasa. Ya faɗa, ta ce ya ɗaga murya.

Sai ta ce mu yi wa juna tambaya a kan iyali. Wannan na gane, shafi na huɗu ne a littafin Masta. Ta nuna Zafran ya fara.

Bai dube ni ba. Ya kafa ido a gefen tebur, ya fara, a hankali, kalma-kalma, kamar mai ba jariri kunu da cokali.

"Kana da aure?"

"E, ina da aure."

"Matarka tana ina?"

"Matata tana Bradford. Tana aiki a kantin magani."

"'Ya'yanka nawa?"

"Ɗaya, namiji. Sunansa Haris. Shekararsa shida. Yana son ƙwallo."

Tambayoyin littafin ne, a jere, bai tsallake ko ɗaya ba, bai ƙara ko ɗaya ba. Bakina ya buɗe. Na ji jimloli suna fita da kansu. Matar ta gyaɗa kai, ta yi rubutu. Wani daɗi ya taso min tun daga ciki. Ashe haka ake ji in kai ne mai magana a ɗaki.

Ta ce ni ma in tambaye shi.

"Kana da aure?"

"E."

"Matarka tana ina?"

"Ingila."

"Kana da 'ya'ya?"

"A'a."

Matar ta karkato gare shi, ta yi masa magana da murmushi tana juya hannu, alamar ya ƙara bayani. Na ga leɓɓansa sun buɗe. Na san abin da ke bayansu, tulin magana ce da za ta cika ɗakin, ta sa matar nan dariya kamar yadda ta sa Nagina. Ban yi komai ba. Gyaran murya kawai na yi, na gyara zama.

Ya rufe baki.

Ta kunna mana wata hira a na'ura, mace da namiji suna magana a kan jirgin ƙasa. Ta yi min tambaya, na tsinci kalmar Talata a cikin abin da na ji, na faɗa, ta rubuta. Ta yi masa tasa. Ya ce ta yi haƙuri.

Daga ƙarshe ta ajiye mana kati mai hotuna: agogo, riga, littafi. Ta ce abokinmu zai yi aure, mu yi shawara mu zaɓi abin da za mu saya masa.

"Agogo," na ce. "Agogo yana da kyau. Yana da tsada, amma yana da kyau."

Ta dubi Zafran. Kai fa?

"Agogo."

Ta sake tambaya, a hankali, kamar mai lallashi. Me ya sa? Ba ka ganin riga ta fi? Mene ne ra'ayinka kai?

Zafran ya ɗago a karo na farko. Ba ita ya duba ba, ni ya duba, da gefen ido. Sannan ya faɗi jimlarsa mafi tsawo a ɗakin nan, da Turanci mai kyau kamar na rediyo.

"Duk abin da ya ce, shi ne daidai."

Ta ɗan tsaya da biro a sama. Ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta kashe na'urar, ta ce mun gama.

A waje rana ta buge mu. Rigarsa ta manne da bayansa.

"Ka yi ƙoƙari, Lala," in ji shi. "Wallahi ka yi ƙoƙari."

* * *

Kwana bakwai bayan nan ina durƙushe a falon wani gida ina daidaita marmara, waya ta yi ƙara. Masta Kifayat ne.

"Matlub, ka ci."

Guduma ta suɓuce daga hannuna.

"Ƙaninka ya faɗi. Ka gaishe da Beji. Ka ce mata hankalinta ya kwanta."

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Murnar cin da na yi daban, murnar faɗuwarsa daban, kuma ta biyun ta fi zaƙi. Na hau babur ina waƙa har gida.

Na tarar da tsakar gida cike da mata. Beji tana kuka tana dariya. Zafran ne ke zagayawa da kwalin alawa, shi ya sayo da kansa, yana sa wa kowa a baki yana cewa Lala ya ci, Lala zai tafi Walayat.

Sai Mamu ya kira. Ihunsa har waje ana ji.

"Kai? Kai ka faɗi? Matlub ya ci, kai ka faɗi? Ko sunaye suka musanya? Me ya same ka, don Allah?"

"Tsoro ne, Mamu. Harshena ya ɗaure."

"Harshenka? Wanda ba ya ɗaurewa ko kana barci? Ka nemi wani gurbi, ko Lahore ne, ko Karachi!"

An nema. Duk inda aka buga, gurbi mafi kusa ya wuce ƙarshen wata. Sobiya ta ce za ta daure ta ci gaba da aiki. Kwana huɗu ta yi, ta faɗi a bakin injin kuɗi na wurin aikinta, aka kwantar da ita asibiti. Shi ke nan, takardun suka lalace. Da ta kira, Zafran ya shige ɗakin ɓauna da wayar ya ja ƙofa. Ina jin kukanta ta katanga, ina jin shi yana cewa shekara ɗaya ce ko biyu, kamar gobe ne.

Takardun Nagina kuwa sun shekara shida a shirye. Wata uku bizata ta fito.

Ranar da zan tafi, Zafran ne ya ɗaure min akwati. Ya durƙusa yana jan igiya, bayansa gare ni.

"Masta ya gaya min kai ka roƙa a haɗa mu ɗaki ɗaya."

Na riƙe ƙarfen gado.

"Na ji daɗi, Lala. Shekara ashirin kana ɗauke da ni, ban taɓa samun abin da zan ɗauka maka ba." Ya ƙulle igiyar, ya gwada ƙarfinta. "Ka sumbaci Haris. In Sobiya ta sauka, kai ne madadina."

Na nemi fuskarsa in ga ko da wata manufa ya faɗa. Ya riga ya ɗora akwatin a kafaɗa ya yi gaba.

* * *

Jimlolin littafin Masta sun ƙare min a ranar farko, tun kafin mu fita daga filin jirgi. Haris ya amsa sunansa, ya amsa shekarunsa, ya ce e yana son ƙwallo, sannan ya koma kan wasan da ke wayar uwarsa. Mamu ya samo min aiki a gidan burodi. Ina kai yaron makaranta kullum, hannunsa a cikin nawa, daga ƙofa zuwa ƙofa ba mai cewa uffan.

Sobiya ta haihu ranar wata Laraba da hantsi, mace. Da azahar muka cika ɗakin asibitin. Mamu ya yi wa jaririyar huɗuba a kunne, sannan ya leƙa waje ya ga ba nas a kusa, ya ja labule, ya zaro 'yar kwalbar zuma daga aljihun kwat. Likitocin nan ba sa so, amma ba a taɓa haihuwa a danginmu aka fasa gutti ba, wato lasa wa jariri zaƙi na farko.

Nagina ta ɗaga waya sama. Ga Zafran a ciki, a tsakar gidanmu, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ga Beji ta cusa kai ta gefen kafaɗarsa.

"Matso da ita, Parjai," in ji shi. "Matso. Kai, hancin Beji ne wannan, an cuce ta." Yana dariya, yana goge ido da bayan hannu. Sobiya ta juya fuska bango.

Mamu ya buɗe kwalba zai tsoma yatsa.

"Dakata, Banaras!" Beji ta yi ihu kamar ba waya a tsakani. "Kai da zafin ranka? Ka san wanda ya fara lasa wa yaro zaƙi, halinsa yaron ke ɗauka har kabari. So kake ta tashi tana zagin mutane a kan titi?"

Aka yi dariya. Mamu ya ce, "To ubanta ya zaɓa, tunda hannunsa bai kai ba."

"Lala zai ba ta," in ji Zafran.

"A'a," na ce. "A ba Nagina. Ko a jira limamin..."

"Lala nake so. Wanda ya bar makaranta don wani ya yi karatu. Ina so ta ɗauko halinsa kaf, kada ta rage komai."

Aka ɗora min ita a hannu. Ba ta kai nauyin gudumata ba. Mamu ya miƙo kwalbar. Kowa ya zuba min ido, na ɗakin da na cikin waya.

"Zafran," na ce, "akwai maganar da ya kamata..."

"Lala, yarinya tana jira."

Na tsoma ɗan yatsana, wanda marmara ta cinye wa zanen fata. Zumar ta taru a kansa tana shirin ɗiga. Na ce bismillah, na kai bakinta, da niyyar in ɗan taɓa leɓe kawai in janye.

Ta buɗe baki ta cafke yatsan. Ta runtse ido, ta shiga tsotsa da ƙarfinta duka, ta ƙi saki.